Ɓawon Albasar Babana

Har yau in na shiga madafa na tarar ana share ɓawon albasa za a zubar, sai hannuna ya yi kamar zai tare tsintsiyar. Mutanen gidana sun san halina, dariya kawai suke yi. Abin ya samo asali ne daga shekarata ta biyu ta mastar, lokacin da nake aikin haɗa sinadarai a labo na jami'a, can Yamai, nesa da ƙauyenmu da ke fadamar Tarka, kusa da Sabon Gida.

A baki aikin da aka ba ni ba shi da wuya. A cikin busasshen ɓawon albasa, wannan na waje mai ƙaras-ƙaras da iska ke kwashewa, akwai wani sinadari mai launin ɗorawa da ake kira kersetin. Nawa shi ne in fitar da shi tsab, sannan in haɗa shi da wani ruwa mai kaifin tsami, har ya sauya ya koma wani abu dabam, fari, mai tsirowa kamar ƙananan allurai. In alluran sun fito, sun kuma narke a daidai zafin da ya kamata, aiki ya yi. In ba su fito ba, babu memwar, wato littafin kammala karatu, balle a yi maganar tsayawa gaban malamai a kare shi.

A hannu kuwa aikin haƙuri ne, ni kuma Allah bai ba ni da yawa ba. Sai a jiƙa ɓawon cikin alkol, wato barasar labo, a tace, a zuba a balo, wata kwalba mai zagayen gindi, tana juyawa cikin ruwan ɗumi har alkol ɗin ya ƙafe. Abin da ya rage a wanke, a sake narkarwa, a sake tacewa. Daga leda cike da ɓawo, da ƙyar ake samun garin da zai rufe bakin cokali. Wajen haɗin kuma akwai wani ruwa, piridin, da warinsa ya fi na ruɓaɓɓen kifi. Yana kama mayafi ya ƙi fita. Na sha shiga taksi in ga direba ya sauke gilashi.

Malamin da ke kula da aikina dattijo ne siriri, maganarsa ba ta da yawa. Zai zo ya tsaya a bayanka, ya ƙwanƙwasa balo da farce, ya ce a jira, ya wuce. Wannan kalmar jira tasa ta sha ƙona mini rai, amma ban taɓa ganin ya yi kuskure a kanta ba.

Ɓawon farko ni na tara da kaina a wani hutu. Babana manomin albasa ne tun kafin a haife ni, kuma a gidanmu akwai rudu, ɗan rumbun kara da ciyawa da ake ɗagawa daga ƙasa don iska ta riƙa ratsa albasar da aka ajiye. Na share ƙarƙashinsa na cika leda babba. Babu wanda ya tambaye ni, an ɗauka shara nake yi. Wannan ledar ita ta kai ni har bazara. Da ita na koyi aikin, da ita na sami rabin sakamakona. Gwajin ƙarshe kuwa kuran, wato wutar lantarki, ya ɗauke ana tsakiyar dumama haɗin, kafin ya dawo abin ya koma wani baƙin danƙo. Ya rage mini ɗan garin ɗorawa a gindin ƙaramar kwalba, wanda bai isa komai ba.

Na ruga kasuwa na kwaso ɓawo wajen masu albasa. Malam ya ɗaga ledar, ya shinshina, ya tambaye ni ta wace gona ce. Na ce oho. Ya ce to shi ma oho, ba zai sa hannu a kan aikin da aka fara da albasar gona guda aka ƙare da tarkacen kasuwa ba, don ƙasa da ruwa suna sauya abin da ke cikin ɓawo. Sai dai a samo daga inda aka samo na farko. Ga shi labo na rufewa da zarar an shiga hutun damina, wanda bai kare aikinsa ba kafin nan sai wata shekara. Shekara guda cur, saboda ɓawo.

Ban damu sosai ba a lokacin. Gidanmu ne fa. Na kira Baba a salula, bayan gaisuwa da tambayar garka da zafi, na ce ina son ya aiko mini buhu guda na busasshen ɓawon albasa daga rudunmu. Na maimaita har sau biyu. Ya ce to, to, Allah shi kai mu.

Ranar da na je tasha karɓar saƙon, ina ganin ƙarti biyu suna nishi wajen sauko da buhun na san akwai magana. Buhun ɓawo ai da hannu ɗaya ake ɗaukarsa. Na kwance baki, sai ga albasa, manya-manya, zaɓaɓɓu. Kowace an cire mata busasshiyar rigarta, an goge ta da tsumma har tana sheƙi. Na zuzzuge buhun har gindi, ko ɓawo ɗaya babu. Wallahi da ya bar su yadda Allah ya yi su, da na sami abin da zan fara da shi.

Abokan aikina na labo su suka ci riba, kowa ya tafi gida da leda. Ni kuma don taurin kai na yanyanka wasu na jiƙa a alkol, ko da yake na san a cikin tsokar albasa sinadarin a ɗaure yake da sukari, ga ruwa jingim. Abin da na samu wani zuma-zuma ne mai yauƙi, labo kuma ya gauraye da ƙamshin miya. Malam ya leƙo ya tambaya wa ke girki, ya juya abinsa.

Na sake kiran Baba. Na yi godiya yadda ya kamata, sannan na yi magana dalla-dalla: ba albasa nake so ba, ɓawonta, wanda ake sharewa. Ya ce ya gane. Buhu na biyu ya iso, ya ma fi na farko nauyi. Albasa ce dai, gogaggiya, a samanta kuma an ɗora ƙullin gabu, busasshiyar albasar miya, da busasshen tumatir. Na zauna a kan buhun nan cikin tasha, hawayen takaici suka zubo mini, mutane na wucewa suna kallona.

Da yamma na kira Inna, don ita ake iya yi wa ƙorafi. Ta bar ni na zazzage abin da ke cikina tas, sannan ta yi ƴar dariya.

“Ke kamar ba ki san ubanki ba,” in ji ta. “Shi ɗauki buhun shara shi kai tashar Madawa, a buɗe gaban mutane, a ce ga abin da shika aika ma ɗiyatai?”

Ta ƙara da abin da ban taɓa kawowa a raina ba. A wajenmu mai kunya ba ya roƙon abu kai tsaye. Ƙaramin abu yake ambata, mai bayarwa ya cika masa. Baba ya ɗauka abinci ne ya yanke mini a birni, kunya ta hana ni faɗa. Duk sanda na nace a kan ɓawo, shi gani yake yunwar ce ta ƙaru, shi ya sa ya ƙaro gabu. Inna ta ce ya kwana biyu ba ya cin tuwon kirki saboda tunanina. Fushina ya rasa inda zai sauka.

Da na gaya wa Malam, bai yi dariya ba. Ya ce nemo ɓawon ai aikina ne, in je in ɗauko abina, kuma in yi sauri. Na sa ƴar kwalbar garin ɗorawa a jaka, ban ma san dalili ba, na hau kar, babbar motar fasinja. Wuni guda muka yi a kan guduro, titin kwalta. Daga Madawa na hau kabu-kabu zuwa ƙauye, ina kallon gabas, inda hadari ya fara taruwa yana watsewa.

Na tarar da rudun gida wayam. Masu kamyo, manyan motocin kaya, sun zo sun saye albasar, an share tsakar gida ƙal, an kai sharar bola an cinna mata wuta, abin da ya tsira awaki sun gama da shi. Har ɓawon buhuna biyu da aka aiko mini, can ya tafi. Na tsaya gaban rudun na daɗe, jakata ma ban ajiye ba. Maƙwabta su ma sun sayar sun share, kuma ko da suna da shi Malam ba zai karɓa ba.

Abin da ya rage shi ne ƙaramin rudun da ke garka. A nan Baba ke ajiye albasar da ba ya taɓawa sai damina ta yi nisa, ta yi tsada, a sayar a sayi hatsi lokacin da rumbu ya yi ƙasa. A ciki ne kuma ake ware ta iri. Wannan albasar da rigarta, mai kauri, ja wur. Amma ko a baki ban ambace ta ba. Duk ɗan manomi ya san busasshen ɓawon nan shi ke tsare albasa. In aka tuɓe ta, danshin damina na shigowa za ta fara ruɓewa.

Bayan la'asar muna zaune a tabarma, ni da Baba, Inna na tsince wake a gefe. Yana ta satar kallona, ya ga ko na rame. Na ce masa wallahi ina ci ina ƙoshi, albasarsa ma har mutanen labo sun ci sun sa albarka. Sai na ciro ƴar kwalbar na miƙa masa. Ya juya ta, ya ɗaga ta sama. Na ce wannan garin daga ɓawon rudunsa ya fito, wanda na share a hutun bara. Na ɗebi ruwa a kofin gilashi, na sa ɗan ƙyas na garin, ya yi ta yawo a sama bai narke ba. Na karɓi jiƙon kanwa wajen Inna na ɗiga. Nan take ruwan ya rine, ya yi ɗorawa sosai har yana neman komawa ja. Inna ta ajiye faifanta ta matso.

Baba ya daɗe yana kallon kofin. Shekaru yana gaya wa mutane ɗiyarsa karatun magani take yi, ni kuma na gaji da gyara masa.

“Magani na?” ya tambaya.

Na so in ce e, da an huta. Amma na ce a'a, ba magani ba ne, wataƙila wata rana wani ya yi magani da shi, wataƙila kuma ba za a taɓa yi ba. Ni dai aikina in san yadda yake sauyawa in an haɗa shi da wani abu, in nuna wa malamai na iya. Na jira in ga ransa ya ɓaci. Bai nuna komai ba.

“In ba ki samu ɓawon ba hwa?”

“Sai baɗi, Baba.”

Ya miƙo mini kwalbar, ya ɗauki buta ya fita, don an kusa kiran magariba. Da ya dawo ba a sake tayar da maganar ba. Ni kuma na fara lissafin yadda zan gaya wa Malam na dawo hannu biyu.

Da safe na fito ban ga Baba ba. Inna ta ce tun bayan asuba ya tafi garka, ya kuma ɗauki wankakken zanenta bai faɗi abin da zai yi da shi ba. Na zura takalmi na bi hanya.

Daga nesa na hango ƙofar ƙaramin rudun a buɗe. Yana zaune a inuwarsa, ya shimfiɗa zanen Inna a gabansa. Yana ɗaukar albasa ɗaya-ɗaya, ya murza ta da babban yatsa, busasshiyar rigar ta zame, ya sa a kan zanen, ya ajiye tsirarar albasar a gefe. Ya ɗora duwatsu a gefunan zanen saboda iska. Tulin da ya tuɓe ya riga ya kai gwiwa. Na ce Baba, don Allah ka bari, ruɓewa za su yi. Na ce zan jira baɗin, ba komai, mutane da yawa suna maimaita shekara. Bai ɗago ba.

“Ke dai zamna ki tara,” ya ce. “Albasa in ta ruɓe, baɗi mu dasa wata. Ke kuwa shekararki ba dasa ta aka yi ba.”

Na zauna. Sai na sa hannu. Can Inna ta iso da fura, ta dubi tulin, ta dubi mijinta, ta gyara ɗaurin zane ta zauna ita ma. Ta iri kaɗai Baba ya ware ya mayar cikin rudu. Sauran duk muka tuɓe, har rana ta take. Muka tsince ƙasa da ciyawa, muka cusa ɓawon a sabon buhu, ina dannawa yana ƙaras-ƙaras.

Washegari na ce zan tafi Madawa ni kaɗai, don in rage wa Baba kunyar da Inna ta faɗa mini. Ya ƙi. Ya sa rigarsa ta Juma'a, ya ɗaura buhun a bayan babur, ya ce in hau. A tasha kowa ya san shi, shekara da shekaru yana loda albasa a nan. Ɗan kamasho ya taho da fara'a, ya tattara ƙarfinsa ya sunkuci buhun, saura kaɗan ya faɗi da baya. Ya matsa shi, ya ji ƙara, ya kwance baki ya leƙa. Masu jiran mota suka miƙo wuya. Ya kwashe da dariya, ya tambayi Baba ko awakin Yamai ne suka yi masa aike.

Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige, ba don kaina ba, don shi. Na ga ya gyara hularsa. Sannan ya yi magana yadda na bayan ma za su ji.

“Ɓawon albasa na. Kayan aikin ɗiyata na, can jami'a. Ka sa shi inda ruwa ba su taɓa shi.”

Ɗan kamashon ya daina dariya, ya ɗaure buhun, ya cusa shi can ciki. Baba ya tsaya har kar ta tashi. Ta taga na ga wasu sun kewaye shi suna tambaya, yana ta yi musu bayani da hannu, Allah kaɗai ya san abin da yake gaya musu.

Makonnin da suka biyo baya su ne mafi natsuwa a duk zamana na labo. Ban taɓa aiki da hankali irin na lokacin ba. Ko ɓawo ɗaya ya faɗi ƙasa sai na sunkuya na ɗauka. Garin ɗorawa ya fito da yawa, mai tsabta. Na yi haɗin da sassafe, lokacin da kuran ya fi zama, na tsaya a kansa har ya kammala. Na juye shi cikin ruwan ƙanƙara, wani farin gari ya sauka. Na tace, na narkar da shi a alkol mai zafi, na ajiye ya huce. Ya huce, ruwa garau, babu komai a ciki. Na fara zagaye teburin. Malam ya zo ya karɓi sandar gilashi, ya ɗan kankari cikin kwalbar, ya ce a jira. A karon farko ban ji haushin kalmar ba. Na rufe kwalbar na tafi gida.

Da safe na tarar da su. Fararen allurai sirara sun tsiro daga inda ya kankara, sun bazu har gindin kwalbar. Na busar da su, na sa kaɗan a na'urar auna zafi, ni da Malam muna kallo. Suka narke daidai inda ake jira. Ya cire tabarau ya ce ya yi. Na kare aikina ana saura kaɗan a rufe labo.

Na koma gida damina ta kankama, gero ya kai ƙugu. Inna ta yanyanka abin da ta iya ta shanya kafin ruwa ya sauka, an kai wasu kasuwa an sayar a arha. Sauran na gan su da idona a bayan shingen garka, tuli guda, baƙi, ƙudaje na bi. Tuwon gidanmu a shekarar ya fi na kullum ƙanƙanta, na lura, kuma babu wanda ya ce uffan a kai.

Malam ya bar ni na taho da kaɗan daga alluran a ƴar kwalba mai murfi, wadda ba ta fi ɗan yatsa ba. Bayan an gama gaishe-gaishe na miƙa wa Baba. Ya ɗaga ta wajen haske, ya girgiza a hankali, ya ƙura ido.

“Rudun nan duka, shi na wanga?”

Na ce shi ke nan, Baba. Ya yi dariya har sai da ya share ido da bakin riga. Ni kuwa kuka ne ya zo mini, na sunkuyar da kai. Ya buɗe aljihun gaba, inda yake ajiye goro, ya sa kwalbar, ya dafa ta da hannu. Sannan ya ce wa Inna gobe kada a jira shi da fura, Madawa za shi, akwai wanda zai nuna wa a tasha.